Aro da Rance a Cikin Kwamfuta: Ƙidayar Mariƙa da Daidaita Shiga Tsakanin Cibiya da Direban Na'ura

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka buga Kamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a shekarar 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, masana Hausa suka sami tsayayyun kalmomin da suke tattauna nahawu da adabi da su. Ilimin kwamfuta kuwa bai sami irin wannan gata ba. Abin da aka fi yi a wannan fage shi ne laƙaba wa abubuwan da ido ke gani suna, kamar allo da madannai da linzami, a bar ayyukan da ke gudana can ciki. Alhali kuwa a waɗannan ayyuka ne ake gane ko harshe zai iya ɗaukar ilimin, domin suna ana iya aro shi daga ko'ina, amma bayanin yadda abu ke aiki sai da aikatau da jimlolin harshen kansa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka na ciki, wato yadda sashen da ke rabon ma'adana da sashen da ke tafiyar da na'urori suke amfani da wuri ɗaya ba tare da sun ɓata wa juna aiki ba. An ɗauko misalai daga tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya yi shelar fara rubuta shi ranar 25 ga Agusta, 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe. Dalilin zaɓen Linux shi ne, a kansa aka gina Android, tsarin da ke cikin manyan wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da ake gani a hannun masunta da manoman rani da 'yan kasuwar Katuzu da sauran sassan Gashuwa har zuwa Nguru. Duk lokacin da ɗayansu ya ɗauki hoto ko ya kalli bidiyo, aikin da za a bayyana a nan yana faruwa a cikin wayarsa ba adadi. Maƙalar za ta nuna cewa bambancin da Hausa ke yi tsakanin aro da rance shi ne ginshiƙin matsalar, kuma wanda ya riƙe wannan bambanci zai bi sauran bayanin cikin sauƙi.

2.0 Sassan da Abin ya Shafa

2.1 Cibiya

A cikin kowace kwamfuta ko babbar waya akwai manhaja guda wadda take farkawa kafin sauran, ta kuma riƙe ragamar duk kayan aikin. Turawa suna kiran ta kanel, wato ƙwayar da ke cikin ɓawo. Fassarar kai tsaye ita ce ƙwaya, sai dai wannan kalma ta riga ta ɗauki kaya da yawa a Hausa, daga ƙwayar hatsi zuwa ƙwayar cuta zuwa ƙwayar da 'yan shaye-shaye ke haɗiya. Saboda haka a nan an zaɓi kalmar cibiya, domin ita ce tsakiya, kuma ta nan sauran manhajoji ke samun abin da suke rayuwa da shi.

2.2 Ma'adana da Shafuka

Ma'adana a nan ana nufin wurin ajiya na wucin gadi wanda masu sayar da waya ke kira ram, wanda abin da ke cikinsa ke gogewa da zarar an kashe wayar. Ya bambanta da memori, wato katin da ake zuba waƙoƙi da hotuna. Cibiya tana yanka ma'adana gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa ana kiran ta shafi. A yawancin na'urori shafi yana ɗaukar bayit 4,096, don haka wayar da ke da ram gig 4 tana da shafuka 1,048,576. Kowane shafi yana da ɗan kati a wurin cibiya, wanda galibi girmansa bayit 64 ne, inda ake rubuta halin da shafin yake ciki.

Abin lura shi ne, manhaja irin su WhatsApp ba ta san ainihin inda shafukanta suke ba. Tana kiran su ne da adireshin laƙabi, sai injin sarrafawa ya duba wani jadawali ya juya laƙabin zuwa adireshin ainihi. Cibiya ce kaɗai ke rubuta wannan jadawali. Wannan ya ba ta damar kwashe abin da ke cikin shafi ta mayar da shi wani shafin, ko ta sauke shi wani wuri idan ma'adana ta cika, sannan ta gyara jadawalin, manhajar ba ta ma san an yi ba.

2.3 Direban Na'ura

Kamara da katin intanet da injin zana hoto kowanne yana da irin umarnin da yake ji. Sashen cibiya da ya san yadda ake magana da wata na'ura shi ake kira direbanta. Kalmar tafinta za ta iya ɗaukar rabin ma'anar, amma direba ta riga ta zauna a Hausa, kuma ta ƙunshi ba da umarni, abin da tafinta ba ya yi. Domin sauri, direba yakan ba na'ura adireshin shafi, na'urar ta riƙa zuba bayanai a ciki kai tsaye ba tare da ta bi ta injin sarrafawa ba. Na'urar ba ta duba jadawalin manhaja. Ko da tana da nata jadawalin, kamar yadda na'urorin zamani da yawa suke da shi, gyaran da cibiya ta yi a na manhaja ba ya shiga nata sai an sanar da direba.

3.0 Misalin Sito

A ƙaddara wani sito a bakin kasuwa a Katuzu mai ɗakuna da yawa, inda fatake ke ajiye buhunan shinkafa da kwalayen bandar kifin da ake kamowa daga Kogin Yobe da fadamar Haɗejiya da Nguru. Mai sito yana da littafi. Falke ba ya riƙe lambar ɗaki a kansa, duk lokacin da ya zo sai ya ce a kai shi wurin kayansa, a duba littafi a kai shi. Idan mai sito yana son ya haɗa ɗakuna uku a jere domin wani babban baƙo, yana iya kwashe kayan falken daga ɗaki na 7 zuwa na 12 cikin dare, ya gyara littafi, ba wanda ya cutu.

To, amma a ce da safe an kira mai amalanke an ce masa ya tafi bakin kogi ya kwaso banda ya zuba a ɗaki na 7. Shi mai amalanke lamba aka ba shi, ba ruwansa da littafi. Idan kafin ya dawo mai sito ya ba wani ɗakin ya jera shinkafarsa, to za a jibge kifi a kan shinkafar mutum, mai kifin kuma ya je ɗaki na 12 ya tarar da wayam. A wannan misali mai sito shi ne cibiya, falke shi ne manhaja, mai amalanke shi ne na'ura, yaron da ya aike shi kuma shi ne direba.

3.1 Aro da Rance

Hausa tana da aikatau biyu da suka raba waɗannan nau'o'in riƙo. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Audu ya ari kwalekwalen Bukar.
(2) Audu ya ranci mudu biyar na gero.
(3) *Audu ya ranci kwalekwalen Bukar.

A jimla ta (1) ainihin kwalekwalen ake magana a kai, shi ne zai tafi, shi ne kuma zai dawo. A jimla ta (2) iri da adadi ne abin dubawa, ba wanda zai nemi ƙwayoyin geron da ya bayar. Jimla ta (3) ba ta karɓu ba, domin kwalekwale ba ya cikin abubuwan da wani ke maye gurbinsu. Gaskiya ne a maganar yau da kullum ana jin aron kuɗi, wato aro yana shiga gonar rance, amma rance ba ya shiga gonar aro. Ingilishi kuwa aikatau ɗaya yake amfani da shi a duka biyun.

Riƙon da manhaja ke yi wa shafi ya yi kama da rance, domin kowane shafi ya wadatar muddin abin da ke ciki bai canza ba. Riƙon da na'ura ke yi masa kuwa aro ne, ainihin shafin take buƙata har ta gama. Aikin cibiya shi ne ta san, a kowane lokaci, ko akwai mai aro a kan shafin da take shirin taɓawa.

4.0 Ƙidayar Mariƙa

4.1 Yadda Take Aiki

Dabarar da ake amfani da ita tsohuwa ce, George Collins ne ya bayyana ta a shekarar 1960. A kan katin kowane shafi akwai lamba. Duk wanda ya kama shafin sai ya ƙara ɗaya, duk wanda ya saki sai ya rage ɗaya. Wanda ragewarsa ta kai lambar sifili shi ne na ƙarshe, kuma a lokacin ne shafin ke komawa cikin waɗanda ba kowa, a iya ba wani. An kira wannan ƙidayar mariƙa saboda mariƙi shi ne wanda abu ke hannunsa ko da ba shi ne mai shi ba, kamar yadda ake cewa mariƙin yaro.

A misalin sito, kamar a ce akwai allo a ƙofar kowane ɗaki. Littafin mai sito ya ja layi ɗaya domin falke. Yaron da zai aiki mai amalanke ya ja nasa layin kafin ya faɗi lambar ɗaki, ba zai goge ba sai an sauke kaya. A Linux, umarnin da direbobi suka daɗe suna amfani da shi domin wannan shi ne get_user_pages, wanda ke bin jadawalin manhaja ya gano shafukan ainihi, ya ƙara ɗaya a kan kowanne, ya miƙa wa direba. Irin wannan ƙidaya ake yi wa sauran abubuwan da ke cikin cibiya, kuma a shekarar 2004 Greg Kroah-Hartman ya tattara ta a ƙarƙashin tsari ɗaya mai suna kref domin kada kowane direba ya riƙa ƙirƙirar tasa.

Cibiya ba ta rubuta sunayen mariƙa, adadinsu kawai take gani. Amma ta san adadin waɗanda ita ta ba riƙo, wato layukan da ke cikin jadawalai da nata na kanta. Idan ta tashi kwashe shafi sai ta lissafa waɗannan, ta gwada da lambar da ke kan kati. In sun yi daidai, duk mariƙan masu rance ne, za ta iya musanya musu. In lambar kati ta ɗara, akwai mai aro a wani wuri, sai ta haƙura da shafin.

4.2 Kurakuran Ƙidaya

Kuskure na farko shi ne a kama a manta ba a saki ba. Lambar ba za ta taɓa kai sifili ba, shafin ya zama ba mai amfani da shi kuma ba a iya ba wani. Wannan shi ne yoyo, kuma idan ya yi ta maimaituwa ma'adana takan ƙare, na'ura ta riƙa nauyi har sai an kashe an kunna.

Na biyu ya fi muni, wato a saki fiye da yadda aka kama, ko a ci gaba da riƙe adireshi ba tare da an ƙara lamba ba. Shafin zai koma hannun wani alhali na farko yana rubutu a ciki. Wannan shi ne amfani bayan saki, kuma yana daga cikin manyan ƙofofin da masu kutse ke bi, domin idan suka yi dabara har cibiya ta zuba wani muhimmin abu a wannan shafi, kamar jadawalin shafuka, sun sami ikon rubuta abin da suke so a ciki.

Na uku shi ne ambaliya. Gurbin lambar yana da iyaka, bit 32 ne, kuma idan aka yi ta ƙara ɗaya har aka wuce iyakar sai lambar ta kewayo ta dawo sifili, kamar mitar mota da ta cika. A shekarar 2017 aka shigar da wani sabon nau'in lamba a Linux wanda idan ya kai ƙarshe yake tsayawa cak, bisa hujjar cewa yoyo ya fi amfani bayan saki sauƙi. Lambar shafi ba ta cikin waɗanda aka mayar wannan nau'i, kuma a shekarar 2019 aka nuna cewa a kwamfutar da ke da ram wajen gig 140 ana iya sa ta yin ambaliya. Sai aka gyara hanyoyin kamun ta yadda za su ƙi ƙarawa idan lambar ta yi girman da ya wuce hankali.

5.0 Daidaita Shiga

5.1 Rige-rige

Duk bayanin da ya gabata ya ɗauka cewa mutum ɗaya ne ke rubutu a allo a lokaci guda. Ba haka abin yake ba, domin ko wayar da ba ta da tsada a yau takan zo da injinan sarrafawa huɗu ko takwas masu aiki tare. Ƙara ɗaya kuwa matakai uku ne: a karanta lambar, a ƙara, a mayar. A ce lambar 1 ce, injina biyu suka karanta ta a lokaci guda, kowanne ya rubuta 2. Mariƙa sun zama uku, kati yana nuna biyu, kuma za a saki shafin alhali saura mutum ɗaya a kansa.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan wuyar ganewa. Mai sito ya duba allo ya ga ba layi, ya juya ya ce wa baƙo ɗakin nasa ne. A tsakanin dubawarsa da maganarsa yaro ya zo ya ja layi ya aiki mai amalanke. Kowannensu ya bi ƙa'ida, amma ɓarna ta auku. Irin wannan shi ake kira rige-rige, wato sakamakon aiki ya dogara ga wanda ya riga wani da ƙiftawar ido. Muninsa shi ne, ana iya gwada manhaja sau dubu ba a ga komai ba. Sanannen misali shi ne wanda aka yi wa laƙabi da Dirty COW, wanda aka gano a shekarar 2016 a hanyar da cibiya ke kamo shafukan manhaja, bayan ya shekara tara a cikin Linux, kuma ya shafi wayoyin Android.

Hanyoyin hana rige-rige su ne ake nufi da daidaita shiga, wato tsara wa zai taɓa abu da lokacin da zai taɓa shi.

5.2 Bugu Ɗaya

Hanya ta farko ita ce a sa injin sarrafawa ya haɗe matakan nan uku su zama aiki guda wanda wani ba ya iya kutsawa tsakiyarsa. Wannan shi ne bugu ɗaya, kuma da shi ake ƙara lambar shafi da rage ta. Akwai nau'insa mai sharaɗi, wato a ƙara ɗaya in dai lambar ba sifili ba ce. Wanda ya zo kamu ya tarar da sifili ya san ya makara, sai ya janye.

Cibiya tana amfani da wannan sharaɗi ta wata hanya mai ban sha'awa idan za ta kwashe shafi. Da bugu ɗaya take cewa, in lambar ta yi daidai da wadda aka lissafa, a mayar da ita sifili. In an yi nasara, shafin ya daskare ke nan, duk direban da ya zo kamu a wannan ɗan lokaci zai ga sifili ya koma, har a gama musanya. In kuma direban ne ya riga, lambar ba za ta yi daidai ba, cibiya ce za ta janye. Ta haka dubawa da yanke hukunci suka zama abu ɗaya, ba sauran tazarar da yaron sito zai shiga.

5.3 Kulle

Idan aikin ya fi ƙarfin bugu ɗaya, kamar gyara jadawali da kati tare, sai a yi amfani da kulle. Edsger Dijkstra, masanin ƙasar Holan, shi ne ya shimfiɗa ginshiƙin wannan fanni a wajen shekarar 1965. Makulli ɗaya ne, wanda ya ɗauka shi kaɗai zai shiga, saura su jira. Lokacin da Linux ya fara aiki da injina da yawa a shekarar 1996, kulle ɗaya aka yi wa cibiya baki ɗaya, abin da ya sa injinan suka riƙa bin layi. A hankali aka yi ta maye gurbinsa da ƙananan kulle-kulle, kowane sashe da nasa, har aka cire shi ɗungurungum a shekarar 2011.

Yawan makullai ya zo da tasa matsalar. Idan direba ya riƙe makullinsa ya nemi ƙarin ma'adana, cibiya kuma, domin ta samo masa, ta koma ta nemi wannan direban ya saki wasu shafuka, sakin kuma yana buƙatar makullin da ke hannunsa, to an shiga jiran gawon shanu, wayar ta sandare. Maganin wannan shi ne a tsayar da jerin da ake ɗaukar makullai kowa ya bi shi, kuma direban da ke riƙe da irin wannan makulli ya shaida wa cibiya cewa kada ta biyo ta kansa wajen neman wuri.

6.0 Abin da Ƙidaya Ba Ta Faɗa

Lamba tana nuna cewa akwai mai aro, amma ba ta nuna abin da ya ara domin yi, ko tsawon lokacin da zai riƙe. Wanda ya kama shafi domin ya leƙa katinsa ya saki nan take, da wanda ya ba katin intanet shafin ya riƙa rubutu a ciki na kwanaki, duka ɗaya suke ƙarawa. A shekarar 2018 Jan Kara ya bayyana ɓarnar da hakan ke jawowa. Sashen da ke kula da fayiloli yakan kwafe shafi zuwa faifai, ya hana rubutu a kansa ta jadawali, ya ɗauka cewa shafin ya tsaya yadda yake. Na'ura kuwa, da yake ba ta bin jadawali, sai ta ci gaba da rubutu. Sakamakon shi ne lalacewar bayanai ko faɗuwar cibiya.

A shekarar 2020 aka karɓi gyaran da John Hubbard ya jagoranta, inda aka fito da sabon umarni mai suna pin_user_pages domin duk wanda zai taɓa abin da ke cikin shafi ta irin wannan hanya. Da yake katin ƙaramin shafi ba shi da gurbin lamba ta biyu, sai aka yi dabara: mai wannan riƙo yana ƙara 1,024 a maimakon ɗaya. Idan cibiya ta ga lambar ta kai 1,024 sai ta ɗauka cewa wata na'ura na iya kasancewa a kan shafin. Tana iya yin kuskure idan mariƙa na yau da kullum suka kai wannan adadi, amma kuskuren na yin taka-tsantsan ne inda ba a buƙata, wanda ba ya ɓata komai. Kalmar da ta dace da wannan riƙo ita ce turkewa, domin dabbar da aka turke ba mai matsar da ita sai wanda ya ɗaure ta ya kwance. Idan turkewar ta dogon lokaci ce, cibiya takan fara fitar da shafin daga yankunan da ta keɓe domin kwashe-kwashe, kamar yadda ba a kafa turke a kan hanya.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar turke. Tun shekarar 2008 Linux yake da tsarin shela, wanda Andrea Arcangeli ya rubuta, inda direba ke yin rajista cewa a sanar da shi kafin a taɓa wasu shafuka. Idan shela ta zo sai ya dakatar da na'urarsa, ya goge adireshin daga jadawalinta, sannan cibiya ta ci gaba. Wannan aro ne wanda mai kaya ke iya aikowa a karɓa a kowane lokaci, sai dai yana yiwuwa ne kawai ga na'urar da ke iya tsayawa ta jira a ba ta sabon adireshi.

7.0 Misali Daga Wayoyin Hannu

Injin zana hoto mai suna Mali, na kamfanin Arm, yana cikin wayoyin Android masu ɗimbin yawa, har da masu sauƙin kuɗi da aka gina a kan injinan MediaTek da Unisoc. A shekarar 2022 wani mai bincike, Man Yue Mo, ya gano kuskure a direbansa. Direban yana da hanyar shaida wa cibiya cewa wani yanki na ma'adanarsa ana iya karɓe shi idan wuri ya yi ƙaranci. Mai binciken ya nuna cewa manhaja na iya sa a yi wa yankin da ake kan amfani da shi wannan alama, sannan ta cika ma'adana da gangan har cibiya ta karɓe shi. Daga baya direban yakan rushe bayanan yankin, alhali adireshinsu yana nan a wani jerin nasa. Da wannan amfani bayan saki ya karɓe ikon wayar Pixel 6 baki ɗaya daga manhajar da ba ta da wani izini na musamman. Arm ya fitar da gyara a cikin wannan shekara, amma irin wannan gyara ba ya isa hannun mai waya sai kamfanin da ya ƙera wayar ya aiko da sabuntawa, shi kuma ya sauke ta. Ga ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗin shinkafa ta manhajar banki, riƙo ɗaya da ba a ƙidaya ba yana iya zama hanyar shiga asusunsa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana cewa cibiya tana ba manhaja shafi a matsayin rance, na'ura kuwa aro take yi, kuma ƙidayar mariƙa ita ce hanyar gane mai aro. Ta nuna cewa ƙidayar ba ta tsayuwa sai da daidaita shiga, ta hanyar bugu ɗaya ko kulle ko shela, kuma ko an daidaita ta ba ta faɗin niyyar mariƙi, abin da ya sa aka ware turkewa daga sauran riƙo. Daga cikin kalmomin da aka yi amfani da su, direba da adireshi da ram da bayit baƙi ne, amma waɗanda suka ɗauki nauyin bayanin, wato aro da rance da riƙo da saki da rige-rige da turkewa da yoyo, duk na gida ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu sananne ne ga duk mai jin Hausa. Ya kamata a gwada waɗannan kalmomi a kan ɗalibai, musamman a wuri irin Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, wadda aka kafa a shekarar 2013, inda Hausa ke haɗa masu jin Bade da Barbarci da Fulatanci, domin a ga waɗanda za su zauna da waɗanda za a sake wa fasali. Haka kuma zai yi amfani masana waɗannan harsuna su bincika yadda nasu aikatau suke raba nau'o'in riƙo, domin kwatanta su da na Hausa.